Motar Zango Da Hasken Rana: Yadda A Ke Auna Girman Kwantirola

A ƙasar Amurka, da ƙasashen Turai, da Ostireliya, akwai wata irin mota wadda a ke shirya ɗaki sosai a cikinta, da gado, da wurin dafa abinci, da ɗan firji, waɗansu ma har da makewayi. Mai ita ya kan kwashi iyalinsa su shiga duniya, inda rana ta faɗi musu nan ne gida. Tun da ya ke aikinta ke nan, tashi daga wannan zango zuwa wancan, bari mu kira ta motar zango. A wani ɗan gari da a ke kira Quartzsite, cikin hamadar jihar Arizona ta Amurka, dubban irin motocin nan su kan taru kowace shekara da lokacin sanyi, musamman a watan Janairu, su sauka a filin gwamnati inda babu turken lantarki ko ɗaya. Wutar da su ke kunna fitila da ita, su sanyaya abinci, su ja ruwa da famfo, da yawansu daga rana su ke samunta, ta hanyar faya-fayan sola da suka shimfiɗa bisa rufin mota.

Faifan sola ba baƙon abu ba ne. Tun cikin 1954 waɗansu masana uku na ɗakin binciken Bell a Amurka, watau Daryl Chapin da Calvin Fuller da Gerald Pearson, suka ƙera na farko mai amfani, wanda ke juya kamar kashi 6 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa ya zama lantarki. A 1958 aka harba tauraron Vanguard 1 sama da irinsa a jikinsa. Na yanzu su kan juya kashi 20 ko fiye. Amma duk kyan faifai, ba a jona shi da batir kai tsaye. Batirin da a ke kira mai bolt 12 ba ya son a tura masa fiye da kamar bolt 14.4 lokacin caji, faifai kuwa ya kan kai bolt 20 ko ya wuce. In an bar su su biyu ba mai shiga tsakani, batir zai cika, faifai kuwa ba zai daina ɗura masa ba, har ruwan batirin ya tafasa ya ƙone, ya mutu tun kwanansa bai kai ba. Saboda haka a kan sa wani ɗan akwati tsakaninsu, wanda masu aikin sola ke kira kwantirola. Shi ke karɓar wuta daga rufi, ya ba batir gwargwadon abin da zai iya sha, ya rage in ya kusa cika, ya kuma hana wutar komawa baya da dare.

Tambayar da ke damun duk wanda ya zo shirya motarsa ita ce, wane girman kwantirola zai saya? Ba ƙaramar tambaya ba ce. Wanda ya sayi wanda ya yi masa kaɗan, ya yi asarar rabin wutar da ya biya kuɗin faya-fayanta. Wanda ya yi kuskure ta wani gefen, ya kan wayi gari a daji, nesa da kanti, akwatin ya ƙone, firji ya tsaya, abinci na lalacewa. Akwai kuwa tsofaffi cikin matafiyan nan waɗanda ke kwana da na'urar taimakon numfashi, ita ma da batirin ta dogara.

Kafin mu shiga lissafi sai mu san ma'auni uku. A ɗauki lantarki kamar ruwa cikin bututu. Ƙarfin da ke tura ruwan shi ne bolt. Yawan ruwan da ke wucewa shi ne amfiya. In aka ninka bolt da amfiya sai a sami wat, shi ne aikin da wutar za ta iya yi. Watau bolt 20 sau amfiya 5 ya ba da wat 100, haka nan bolt 10 sau amfiya 10 ya ba da wat 100. Mai karatu ya riƙe wannan, don duk sauran bayanin a kansa ya ke tsaye.

A bayan kowane faifai akwai takarda manne da lambobi. Ga misalin faifai mai wat 100 irin wanda a kan ɗora bisa mota, da lambobi kusa da waɗanda a kan tarar. Inda aka rubuta Vmp, watau bolt ɗin da ya ke bayarwa sa'ad da ya ke aiki sosai, a ce 20. Inda aka rubuta Imp, amfiyar wannan lokaci, 5. Sa'an nan akwai Voc, bolt ɗin da ya ke kaiwa in rana na kansa amma ba a jan kome daga gare shi, a ce 24. Na ƙarshe Isc, iyakar amfiyar da zai fitar in an haɗa bakin wayoyinsa biyu, 5.3. Duk lambobin nan an auna su ne a ɗakin gwaji, da haske mai wat 1,000 a kan kowace murabba'in mita, faifan kuma yana da ɗumin digiri 25 a ma'aunin Salshiyas. A lura da digiri 25 ɗin nan, za mu komo kansa.

Kwantirola iri biyu ne. Na farko, wanda a ke rubuta wa PWM, kamar mai gadin ƙofa ya ke. Iyakacin aikinsa ya buɗe ya rufe da sauri ƙwarai. In ya buɗe, faifai ya haɗu da batir kai tsaye, batir kuwa ya janyo bolt ɗin faifai ƙasa zuwa nasa. Faifan da zai iya ba da amfiya 5 a bolt 20 sai ya koma ba da amfiya 5 da ɗan kai a bolt 13.5, watau kamar wat 70 maimakon 100. Sauran ya tafi a banza. Na biyu, mai suna MPPT, ya fi kama da ɗan canji. Ka ba shi babbar takardar kuɗi, ya mayar maka da ƙanana masu yawa, ya cire ɗan ladansa kaɗan. Ya kan bar faifai ya yi aiki a bolt ɗin da ya fi masa daɗi, sa'an nan ya sauke bolt ɗin zuwa na batir, abin da ya rage na bolt ya mai da shi amfiya. Ya fi tsada, amma a rufin mota, inda fili kaɗan ne, ba a iya ƙara faifai don cike gurbin asara, yawanci shi ya fi dacewa.

Yanzu a ce mutum ya sayi faya-fayai huɗu irin na misalinmu, wat 400 ke nan, da batir mai bolt 12.

In PWM zai sa, lissafin gajere ne. Dole ya haɗa faya-fayan kafaɗa da kafaɗa kamar sahu, duk wayoyi masu alamar tarawa wuri ɗaya, masu alamar ɗebewa wuri ɗaya. A irin wannan haɗi bolt ba ya ƙaruwa, amfiya ce ke taruwa. Sai ya ninka Isc da huɗu, 5.3 sau 4, ya sami 21.2. Sa'an nan ya ƙara rubu'i a kai, watau ya ninka da 1.25, ya sami 26.5. Ƙarin nan yana cikin dokar aikin lantarki ta Amurka, dalilinsa kuwa shi ne haske ya kan wuce na ɗakin gwaji: a kan tsauni, ko inda ƙanƙara ta rufe ƙasa tana mai do da haske, ko sa'ad da rana ta leƙo daga gefen farin gajimare. To, mai amfiya 30 zai saya. Mai 20 zai yi zafi, ko ya yanke, ko ya ƙone.

In kuwa MPPT ne, amfiyar da a ke rubutawa a jikinsa ta gefen batir ce, ba ta gefen rufi ba, nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Sai a raba wat da bolt ɗin caji. Wat 400 a raba da 14.4 ya ba da amfiya 28 ba kaɗan. Da safe, sa'ad da batir ya yi ƙasa zuwa 12.5, lissafin ya kan kai 32. Wani zai ce ashe mai amfiya 30 ya yi kaɗan ke nan. A takarda haka ne, amma a bisa rufi ba haka ba. Faifan mota a kwance ya ke, ba ya fuskantar rana sosai, ga ƙurar hanya, ga zafi. Faifai ya kan yi asarar kusan kashi 4 cikin 1,000 na ƙarfinsa a kan kowane digiri ɗaya da ya hau bisa 25, da tsakar rana kuwa jikinsa ya kan kai digiri 55 ko fiye, watau ya zubar da fiye da kashi 10 cikin 100 tun ba a je ko'ina ba. Da wuya wat 400 na takarda su sauko cikakku. In ma sun sauko, MPPT na kirki ya san iyakarsa: ya ɗauki amfiya 30 ya bar sauran a rufi, ba abin da zai same shi, muddin ba a wuce iyakar Isc da maƙeransa suka rubuta ba. Kuskure ta wannan gefe, in ƙarami ne, 'yar asara ce ta sa'a ɗaya ko biyu a ranakun da suka fi haske.

Lissafi na biyu shi ne wanda ba ya yafiya, shi ne kuma wanda a kan manta.

Kowane MPPT yana da iyakar bolt da zai iya karɓa daga rufi. Kamfanin Victron na ƙasar Holan ma a sunan akwatin ya ke rubuta abin: 75/15, 100/30, 100/50, 150/35. Lambar farko iyakar bolt ce ta gefen faifai, ta biyu iyakar amfiya ce ta gefen batir. Amfiya in ta yi yawa, akwatin na iya ƙin karɓa. Bolt kuwa ba a iya ƙinsa, don yana tsaye a bakin ƙofa yana turi ko an buɗe ko ba a buɗe ba. In ya wuce abin da kayan ciki za su jure, sai su fashe, wani lokaci cikin ƙiftawar ido, kamfanoni da yawa kuwa ba su biyan irin wannan ɓarna.

To, a ce mutuminmu ya sayi mai 100/30, ya haɗa faya-fayansa huɗu a jere kamar raƙuman ayari, wutsiyar wannan a hancin wancan. A irin wannan haɗi amfiya ba ta ƙaruwa, bolt ne ke taruwa. Ya ninka 24 da 4 ya sami 96. Ya duba 96 bai kai 100 ba, hankalinsa ya kwanta. Wani ma da Vmp zai yi lissafin, ya sami 80, ya ga kamar yana da sarari mai yawa, alhali kuwa duk lokacin da batir ya cika kwantirola ya daina ja, faifai Voc ya ke komawa. Ƙaramin sani ƙunƙumi ne.

Abin da bai sa a lissafi ba shi ne sanyi. Mutum zai zaci zafin rana ne ke ƙara wa faifai ƙarfi, amma akasin haka ne: haske faifai ke so, ba zafi ba. Duk digiri ɗaya da ya sauka ƙasa da 25, bolt ɗinsa ya kan hau da kamar kashi 3 cikin 1,000. Ainihin lambar tana cikin takardar kowane faifai, a can ya kamata a ɗauko ta. Bari mu gwada. Safiya mai digiri 10 ta yi ƙasa da 25 da digiri 15. Sau 3 cikin 1,000, kashi 4.5 cikin 100 ke nan. Bolt 96 ya zama 100.3. An riga an taka iyaka, ko ƙanƙara ba a gani ba tukuna. In sanyi ya kai inda ruwa ke daskarewa, watau digiri sifiri, ƙarin ya zama kashi 7.5, bolt ya wuce 103. Dokar lantarki ta Amurka, a sashenta na 690, tana da jadawali don wanda ba shi da takardar faifansa, shi kuwa ya fi tsanani: daga digiri 4 zuwa sifiri a ninka da 1.10, daga 6 zuwa 10 ƙasa da sifiri a ninka da 1.14, a sanyi mafi tsanani, digiri 36 zuwa 40 ƙasa da sifiri, a ninka da 1.25.

Lokacin da ya fi haɗari shi ne safiyar da sama ta yi garau bayan dare mai sanyi. Faifai ya kwana a waje, jikinsa ma ya kan fi iska sanyi kaɗan in babu gajimare. Da haske ya sauka a kansa bolt ya kan yi tsalle ya kusa cika tun amfiya ba ta taru ba, tun kuma rana ba ta ɗumama shi ba.

A nan ne motar zango ta bambanta da gida. Mai gida ya san iyakar sanyin garinsu, ya yi lissafi sau ɗaya ya huta. Mota kuwa yawo ta ke yi. Wanda ya haɗa kayansa da bazara a gari mai ɗumi, ya yi wata shida bai ga matsala ba, zai iya tashi daga Quartzsite, inda dare kan kusa daskarar da ruwa a Janairu, ya yi tafiyar 'yan sa'o'i zuwa Flagstaff, duk cikin jihar Arizona, garin da ke bisa tudu mai tsawon mita 2,100, inda sanyin digiri 10 ƙasa da sifiri ba abin mamaki ba ne. Saboda haka ba da sanyin inda a ke zaune a ke lissafi ba, da sanyin wuri mafi sanyi da motar za ta taɓa kwana a ke yi. Wanda bai san inda ƙafa za ta kai shi ba, ya ninka Voc da 1.25 ya huta. A misalinmu 96 sau 1.25 ya ba da 120, watau jerin huɗu sai akwati mai iyakar 150.

Mai karatu da ya kafa sola bisa rufin gidansa ko makarantarsa a Jos ko Kano ko Agadas, kada ya ce wannan zancen ƙasashen ƙanƙara ne. Digiri 10 da muka gwada ɗazu ba baƙo ba ne ga asubahin hunturu a waɗannan wurare. Malamin lissafi ma zai iya ba 'yan ajinsa wannan aiki da lambobin faifan makaranta, ya fi musu lissafin lemo da ƙwai armashi.

Amma ba dole ne mutuminmu ya sake sayen akwati ba. Ya isa ya sake haɗin. Ya yi jeri biyu, kowanne da faifai biyu, sa'an nan ya haɗa jerin biyu a sahu. Voc ya zama 48, ko an ninka da 1.25 bai wuce 60 ba, ga sarari har bolt 40. Amfiyar rufi ta zama 10. A ganinmu wannan ne haɗin da ya fi dacewa da faya-fayai huɗu a kan mota, don dalilai biyu bayan na sanyi. Na ɗaya inuwa. Rufin motar zango cike ya ke da tarkace, ga tagar iska, ga na'urar sanyaya ɗaki, ga eriya, ga kuma bishiyar da kowa ke son tsayawa a gindinta. Faya-fayan da ke jeri ɗaya amfiya ɗaya ke ratsa su, inuwar da ta faɗa kan guda ta kan rage wa 'yan'uwansa. In jeri biyu ne, ɗaya na fama ɗaya na aiki. Na biyu waya. Da an sa dukansu a sahu, amfiya 20 za ta sauko daga rufi. Asarar da a ke yi cikin waya kuwa, in amfiya ta ninka biyu, ita ninki huɗu ta ke yi, sai a nemi waya mai kauri, mai tsada, mai wuyar lanƙwasawa. Har wa yau in sahu ya kai uku ko fiye, ƙa'ida ce a sa wa kowane reshe fiyus nasa, don in ɗaya ya lalace kada sauran su juye wutarsu a cikinsa.

Akwai kuma iyaka ta ƙasa. MPPT sauke bolt ya ke yi, galibinsu ba su iya ɗaga shi. Na Victron ba ya fara aiki sai bolt ɗin rufi ya ɗara na batir da 5. Faifai ɗaya mai Voc 24 a kan batir mai 12 zai tashi, amma a kan batir mai 24 ba zai taɓa tashi ba, sai an jera biyu. Wanda ya shirya motarsa da batir mai bolt 24 kuwa ya sami rangwame ta wani gefen: wat 400 a raba da 28.8 amfiya 14 ne kawai, watau akwati mai amfiya 15 ya ishe shi, wanda a kan batir mai 12 da iyakarsa kamar wat 220. Waɗansu kuma yanzu sun koma ɗora babban faifai guda irin na gidaje, mai wat 400, wanda Voc ɗinsa kan kai bolt 37 zuwa 50. Irin wannan bai dace da PWM a kan batir mai 12 ba ko kusa, don fiye da rabin ƙarfinsa zai zube.

Saura batirin kansa, wanda shi a ke yi wa hidimar duka. Batirin darma mai ruwa ba ya son a ɗura masa da gaggawa. Abin da a ka saba shi ne amfiyar caji ta tsaya tsakanin kashi 10 da 20 cikin 100 na girmansa. Amfiya 28 a kan batir guda mai ɗaukar amfiya 100 na sa'a ta yi masa yawa, a kan guda biyu kuwa kashi 14 ke nan, daidai. Batirin litiyam irin na LiFePO4, wanda masu motocin zango da yawa suka koma wa, ya kan karɓi har rabin girmansa, amma yana da nasa sharaɗi: ba a yi masa caji in jikinsa ya yi sanyi ƙasa da digiri sifiri, in an yi sai ya lalace daga ciki, ba gyara. Sai a tabbata ko kwantirola ko batirin yana da abin da ke jin sanyi ya tsai da caji, a kuma saita akwatin ya san irin batirin da ya ke ciyarwa.

Game da sayen babba don gaba, ra'ayinmu shi ne mutum ya ɗauki awo ya hau rufin motarsa tukuna. In fili ya ƙare a faifai huɗu, kuɗin da zai ƙara don mai amfiya 50 gara ya sa su a waya mai kyau da fiyus. In akwai wurin biyu, wat 600 a raba da 14.4 ya kusa amfiya 42, mai 100/50 ke nan, jeri uku na bibbiyu, ko jeri biyu na uku-uku, wanda Voc ɗinsa 72 ne, sau 1.25 ya tsaya a 90.

Ranar haɗawa, batir a ke fara jonawa da kwantirola, da fiyus kusa da kan batirin, don akwatuna da yawa daga nan su ke gane ko 12 ne ko 24. Bayan haka a ke kawo wayar rufi. In za a kwance, rufi a ke fara cirewa. Faifai ba shi da makunni a jikinsa, muddin akwai haske akwai wuta a bakin wayarsa, jeri mai bolt 90 kuwa ya isa ya ji wa mutum ciwo. Saboda haka a kan sa makunni tsakanin rufi da kwantirola, wanda aka yi don irin wannan wuta, a kuma lulluɓe faya-fayan da bargo ko kwali kafin a taɓa wayoyin.